Hanyar Tifa Ta Wucin Gadi Zuwa Ramin Tsakuwa A Sakkwato: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk wanda ya bi hanyar Bodinga, ko ta Kware, ko ta Dange da rani ya san abin da nake nufi. Kana tafe a kan kwalta sai ka ga wata jar hanya ta ɓalle ta nufi cikin gonaki, ƙura ta turnuƙe kamar an cinna wa daji wuta, tifa na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba gwamnati ta yi ta ba, ba ta kuma cikin taswirar kowa. Hanyar ɗiban tsakuwa ce ko burji, wadda aka ce wa mutanen gari ta ɗan lokaci ce, da an gama aiki za a rufe. Na yi shekaru ina lura da ramin burji da lissafin motoci a aikin gina hanya, kuma tun da na ajiye aikin ba a bar ni na huta ba. Yau manomi, gobe mai tifa, jibi mai unguwa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Mai ramin ya nuna mana takarda mai hatimi daga Abuja. Ke nan yana da ikon bi ta gonakinmu?

A'a. Nan ne mafi yawan rigimar take farawa, saboda haka bari in tsaya a kai.

A tsarin mulkin 1999, duk wani ma'adini da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 kuma ta saka tsakuwa da yashi da burji da farar ƙasa cikin abubuwan da ba a haƙa don kasuwanci sai da lasisi. Ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja shi ke ba da wannan lasisi. Na irin wannan haƙa shekara 5 yake yi kafin a sabunta, kuma filin ba ya wuce murabba'in kilomita 5. To amma lasisin yana da iyaka, an zana ta da lambobin safiyo a jikin takardar. Abin da ke cikin zanen, mai lasisi yana da ikon aiki a ciki, bayan ya sami yardar masu ƙasa ya kuma biya abin da doka ta ɗora masa. Abin da ke waje da zanen ba nasa ba ne. Tsakanin bakin rami da bakin kwalta kuwa sau da yawa akwai kilomita biyu ko uku na gonakin mutane, kuma lasisin bai ambace su ba. Dokar ita kanta tana da sashe a kan hanyoyi, ta kuma hana mai haƙa yin hanya a filin da ba na lasisinsa ba sai da izini.

Idan an nuna muku takarda, kada hatimi ya tsorata ku. Ku ce a nuna muku zanen iyakar, a kira wanda ya iya karanta shi ya tsaya a gona ya nuna da hannu inda ta fara da inda ta ƙare.

To wa ke ba da izinin hanyar?

Babu tebur ɗaya da za ka je a buga maka hatimi ka koma gida. Hanyar ta ratsa hurumin mutane daban-daban, kowa kuma da nasa bakin.

Na farko masu gonakin da za a taka. In babu yardarsu a rubuce, sauran takardun ado ne kawai. Na biyu ƙaramar hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, amma filayen karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama a kansu, kuma tsarin mulki ya ɗora mata kula da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa. Idan filin ya faɗa cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, kamar gefunan garin Sakkwato ta wajen Wamakko da Kware da Dange-Shuni inda gari ke cin ƙauye kullum, maganar ta koma ma'aikatar filaye da hukumar tsara birane ta jiha. Na uku mai titin da za a fito a kai, na tarayya ne ko na jiha. Na huɗu jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar, tare da kwamitin ma'adinai da muhalli da dokar 2007 ta ce a kafa a kowace jiha.

Masu rami na kukan wannan zirga-zirga, kuma ban ga laifinsu ba. Amma wanda ya tsallake ɗaya daga ciki, ranar da aka jera masa duwatsu a hanya zai gane sauri ya haifi nawa.

Uban ƙasa ya amince, hakimi ma ya sa hannu. Bai isa ba?

Yana da amfani ƙwarai, amma shaida ne, ba mai gona ba. Uban ƙasa da hakimi da mai unguwa su ne suka san iyakar kowa, suka san gonar da ke da rigimar gado da wadda aka jinginar. Zaman da aka yi ba da su ba, ba ya ɗorewa. Sai dai sarauta ba ta ba wa mutum ikon bayar da gonar wani. Na sha ganin wakilin kamfani ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce "Ranka shi daɗe, mun zo neman albarka", ya fito da takarda, washegari katafila ta shiga gonar mutumin da bai ma san an zauna ba. Basaraken kirki shi da kansa zai ce a kira masu gona.

Mene ne ainihin ma'anar "wucin gadi" a nan? Wata nawa ne?

Gwargwadon abin da kuka rubuta. In ba ku rubuta ba, ba ta da ƙarshe.

Bari in ba da labarin abin da ya faru a hannuna, don da ni aka yi kuskuren. Wani kamfani da na yi wa aiki ya buɗe ramin burji a bayan wani ƙauye. Muka zauna a gindin darbejiya da masu gona bakwai, aka yi magana mai daɗi, aka ce wata shida. Aka biya kuɗin geron shekara ɗaya, aka raba goro, aka shafa fatiha. Ba a rubuta ranar rufewa ba, ni kuma ban ce a rubuta ba, don a lokacin gani nake maganar dattawa ta fi takarda. Aikinmu ya ƙare, muka kwashe kaya. Ba mu rufe hanyar ba, ba mu kuma rufe ramin ba. Masu tifa na gari suka ga ga rami a buɗe ga hanya a share, suka ci gaba da ɗiba. Bayan shekara uku na koma garin ta'aziyya, wani dattijo daga cikin bakwai ɗin ya kama hannuna ya kai ni gonarsa. Ya ɗauki fartanya ya sara a tsakiyar inda tayoyi suka bi, fartanyar ta yi ƙara ta dawo kamar ya sari daɓen siminti. Dama da hagu gero ya yi kai, tsakiya kuwa jan zane ne fetal, ko ciyawa babu. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wata shidan naku har yanzu ba su cika ba?" Ban sami abin ce masa ba. Kamfanin ya bar jihar, injiniyan da ya yi alkawarin an mayar da shi wani wuri, ni kuma ba ni da ko gireda.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini wucin gadi sai in tambaye shi abu uku: wace rana za a rufe, wa zai mayar da ƙasar yadda take, kuma kuɗin mayarwar yana hannun wa yanzu? In babu amsar ukun nan a takarda kafin tifar farko ta wuce, hanyar ta dindindin ce, suna kawai aka canza mata.

Me da me ya kamata takardar yarjejeniya ta ƙunsa?

Ranar farawa da ranar rufewa, da abin da za a biya idan aka zarce. Tsawon hanyar da faɗinta a mita, a kafa turaku a gani da ido, domin hanyar tifa tana da halin faɗaɗa kanta: da wuri ya yi rami sai direba ya kauce ya hau gefen gona, na bayansa ya bi sawunsa, kafin ka ankara mita shida ta zama goma sha biyu. Lokacin fara aiki da na tashi. Yawan ban ruwa don kashe ƙura. Wuraren da za a sa kwalbati. Wanda zai ɗauki nauyin dabba ko mutum idan mota ta buge. Sunan kamfanin kamar yadda yake a rajista da lambar lasisinsa, ba sunan "manaja" kawai ba, don manaja yau yana nan gobe ba ya nan.

Sai babban abu, gyaran ƙarshe. A rubuta cewa kafin a zuba burji za a kankare ƙasar sama mai taki a tara ta gefe guda, in an gama a kwashe burjin, a yage ƙasar da ta daskare da haƙoran katafila, a mayar da ƙasar sama. A kuma ajiye kuɗin wannan aiki tun farko a asusun da ba ya fita sai da sa hannun ɓangarorin biyu. Kamfanin da ke da niyyar gyarawa ba ya jin zafin wannan sharaɗi. Wanda ya fara kame-kame a kansa ya riga ya gaya muku abin da zai yi.

A rubuta da Hausa da Turanci, a karanta ta Hausar da ƙarfi a gaban kowa, kowane mai gona ya riƙe kwafinsa. Ku kuma ɗauki hoton gonakin da waya kafin a taɓa su, da bishiyoyi da rijiya da shinge.

Yaya ake lissafin diyya?

Fara da awo. A misali, hanya mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 6 ta cinye murabba'in mita 6,000, wato fiye da rabin kadada. Kowane mai gona a auna abin da aka ci a tasa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne biyan amfanin gona na shekara ɗaya kawai. Asara kashi uku ce. Akwai abin da ke tsaye aka lalata, gero ne ko dawa ko wake, da bishiyoyi irin su mangwaro da gawo da kuka da dabino, waɗanda kowace da lissafinta. Akwai hayar filin na duk daminar da ba a noma ba. Akwai kuma shekarun da ƙasa za ta ɗauka kafin ta dawo hayyacinta bayan an rufe. Ga ta huɗu ma da ba a cika tunawa da ita ba: gonar da aka raba biyu, guntun da ya rage a ɗaya gefen ya yi ƙanƙanta har shanun huɗa ba sa iya juyawa a ciki.

Filin fadama daban yake da na tudu. Kadadar da ake noman albasa ko tafarnuwa ko shinkafa a bakin gulbin Rima, irin na Wurno da Kware da Goronyo, ana cin ta rani da damina, ba za a yi mata kuɗin jigawa ba. Shawarata ma ita ce kada a yarda hanyar tifa ta shiga fadama sam, in akwai zagaye ta tudu, ko da ya fi nisa.

Gonarmu ta gado ce, ba a raba ba. Yayanmu ya sa hannu ya karɓi kuɗi.

Sa hannunsa ya tsaya a kan rabonsa, sai fa in sauran magada sun wakilta shi. Mata ma magada ne, kuma su aka fi mantawa da su a irin wannan zama don suna gidajen mazajensu. Kamfani mai hankali zai nemi takardar wakilci. Haka kuma gonar da ke hannun mai aro ko mai haya: kuɗin shuka na wanda ya yi shukar ne, hayar ƙasa ta mai ƙasa.

Ƙura ta hana mu sakat. Akwai abin da doka ta ce, ko haƙuri za mu yi?

Akwai. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, hukumar NESREA ta tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin fasa dutse da haƙa na 2013, kuma dokar ma'adinai ta wajabta wa mai lasisi rage ɓarnar da aikinsa ke yi wa muhalli. Ƙura tana cikin ɓarnar.

Wanda bai zauna bakin irin wannan hanya ba yana ɗauka abin wasa ne. Ka shiga gidan da ke bakinta da la'asar. Randa an rufe ta da faifai amma saman ruwan ya yi ja. Shanyar da aka yi da safe sai an sake wanki. Mai fura ta bar gindin bishiyar da ta shekara goma tana zama. Ganyen wake a gonar gefe ya yi kauri da ƙasa har ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Yara da tsofaffi kuma tari.

Maganin ba ɓoyayye ba ne: ban ruwa, rage gudu, da rufe kaya da tamfol. Sai dai ban ruwan Sakkwato ba irin na kudu ba ne. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko a tsakiyar hunturu da iska ta bushe ƙamas, tankar da ta zuba ruwa da hantsi kafin azahar kamar ba ta zo ba. Saboda haka kada a rubuta "za a riƙa zuba ruwa". A rubuta sau nawa a rana, daga ina zuwa ina, kuma daga ina za a ɗebo ruwan, don kada tanka ta ƙafar da tafkin da dabbobin gari ke sha. Gudu kuwa ya fi komai tayar da ƙura. A cikin gari da gaban makaranta ni kilomita 20 a awa nake ba da shawara, da tudun rage gudu, don allon gargaɗi ba ya taka wa direba birki.

Wasu na zuba baƙin mai da aka juye daga inji don ya danne ƙura. Kada ku yarda. Ruwan farko zai wanke shi zuwa gonaki da rijiyoyi.

Da rani lafiya lau muke da hanyar. Me zai faru da damina?

Ruwan Sakkwato ba shi da yawa a lissafin shekara, amma a 'yan watanni yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma na Agusta kan sauko kamar da bakin ƙwarya. Hanyar da aka ɗaga da burji ko da taƙi biyu ce, in ta gitta hanyar ruwa ba kwalbati, ta zama madatsa. Gonar da ke sama ta cika ta zama tafki, gero ya ruɓe a tsaye. In ruwan ya fi ƙarfinta ya fasa ta wuri ɗaya, sai ya fita da ƙarfi ya yanka gonar ƙasa, zaizaya ta fara.

Injiniyan da ya zo a watan Fabrairu ba zai ga hanyar ruwa ba, ƙasa ce busasshiya ko'ina. Tsohon da ya noma wurin shekara arba'in shi ya san ta. A zagaya da shi a ƙafa kafin a kafa turaku. Kuma ana iya rubuta cewa ranar da aka yi ruwa mai yawa babu lodi sai hanya ta sha iska, don tifa mai kaya a kan jiƙaƙƙiyar hanya a yini ɗaya take yin ɓarnar wata guda.

Hanyar za ta fito a kan titin Illela. Wa za a tambaya?

Titin Sakkwato zuwa Illela, da na Gusau, da na Tambuwal zuwa Jega duk na tarayya ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka ta tarayya, wadda ke da kwanturola a jihar. Hurumin titin tarayya mita 45.72 ne kowane gefe daga tsakiya, ba a buɗe mahaɗa a cikinsa da ka. In titin na jiha ne, ma'aikatar ayyuka ta jiha za a nufa.

Mahaɗar ita ce wuri mafi haɗari a duk hanyar. Tifa mai kaya tana hawa kwalta a hankali kamar raƙumi mai tashi, ga motar haya ta taho a guje. Kada a buɗe mahaɗa a kan kwana ko bayan tudu. A sa mai tuta, a sa alamu tun daga nesa, a riƙa share tsakuwar da ta zube, don ita ke kayar da masu babur. Gefen kwalta kuma nan yake fara gutsurewa in ba a ƙarfafa bakin mahaɗar ba.

Ai mota mota ce. Me ya sa ake cewa tifa ce ke kashe titi?

Saboda ɓarnar ba ta tafiya daidai da nauyi, ninkuwa take yi. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan titunan gwaji har suka lalace, ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksul ɗaya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin dama da na hagu, ya ninka biyu, ɓarnar kan ninka kusan sau 16. Ko ƙarin da ake rainawa ba ƙarami ba ne: aksul da ya kamata ya ɗauki tan 10 aka ɗora masa 13, ɓarnarsa ta kusa ninka uku. Shi ya sa katakon da ake ƙarawa a saman bodin tifa don a cika ta tsororo ya fi ƙananan motoci ɗaruruwa cin titi. Najeriya ta fitar da ƙa'idojin nauyin manyan motoci a titunan tarayya a 2018. Titin ƙauye mai siririyar kwalta kuwa tun asali ba don irin wannan kaya aka yi shi ba. In tifa za ta bi ta kansa, a duba halin da yake ciki tare da ƙaramar hukuma kafin a fara, a rubuta wanda zai gyara.

Hanyar ta gitta burtali.

A bar wa dabbobi mashiga mai faɗi, kada a tara ƙasa ko a haƙa lambatu a toshe ta, kuma a zauna da arɗo tun farko. Burtalin da aka toshe, shanu gonar wani za su faɗa, rigimar da ba ta shafi tsakuwa ba ta tashi.

Akwai wuraren da ba a haƙa ko kusa da su?

Akwai. Dokar 2007 ta keɓe gari da ƙauye da kasuwa da maƙabarta da wuraren tarihi, ta kuma hana haƙa cikin mita 50 daga titin jama'a ko ginin gwamnati ko madatsar ruwa. Wannan a kan ramin ne. Hanyar kuwa hankali ma ya isa ya hana a bi da ita ta jikin maƙabarta ko ƙofar makarantar firamare.

Ni direban tifa ne, lodi kawai nake yi. Ina ruwana da takardunsu?

Malam, kai ne a gaba. Ranar da ran mutane ya ɓaci, mai rami yana gida, kai za a tare, gilashinka ne zai sha dutse. Kafin ka fara ɗiba a sabon rami ka tambayi shugabannin ƙungiyarku ko an daidaita da masu gona. Na san ana biyan ku ne da yawan sawu, shi ya sa ƙafa ba ta barin totur, kuma a ganina wannan tsarin biya shi ne rabin matsalar. Amma sawu ɗaya da za ka ƙara bai kai ran yaron da ya biyo akuya a guje ba. Ka rufe kaya, ka duba birki, kada ka bar yaron mota ya ja ta a cikin gari.

Kamfanin ya sa shinge ya ce hanyarsa ce, ba mai bi da amalanke.

Dokar ma'adinai ba ta ba wanda ya yi hanyar haƙa ikon hana jama'a bin ta ba, balle mai gonar da hanyar ta ratsa. Yana iya tsare bakin ramin don kare rai, wannan daidai ne.

Sun ce aikin gwamnati suke yi, babu mai tsayar da su.

Wannan magana za a ƙara jin ta, tun da aka ƙaddamar da babban titin Sakkwato zuwa Badagiri daga Illela a 2024, ga kuma ayyukan jiha da gine-gine da ke cin tsakuwa ba dare ba rana. Aikin gwamnati ba ya soke diyya. Hasali ma ya fi sauƙin bi, domin kowane aikin hanya yana da injiniya mai sa ido daga ɓangaren gwamnati, wanda sai ya sa hannu ake biyan ɗan kwangila, kuma akan riƙe wani kaso na kuɗin har sai an tabbatar an kammala komai. Ku kai kukanku gare shi a rubuce tun kamfanin yana wurin. Bayan an biya kuɗin ƙarshe an kwashe injuna, kun zama masu bin iska.

Mu kam muna son hanyar ta zauna, ta sauƙaƙa mana zuwa kasuwa.

Wannan ma yana faruwa, kuma ba laifi. Amma a yi shi da ido buɗe. Masu gonar da aka ba kuɗin haya na wata shida ba su sayar ba, sai a sake zama a biya su diyyar rabuwa da filin. Ƙaramar hukuma kuma ta karɓi hanyar a rubuce, don a san mai gyaranta. Dokar 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da ke masaukinsa kafin ya fara aiki, ana kuma sake duba ta duk shekara 5. Nan ne wurin da ya dace a saka maganar hanya ta dindindin da kwalbatocinta, maimakon a tsaya kan buhunan shinkafar salla.

An karya alkawari. Ina za mu kai kuka?

Ku fara da takarda zuwa ga kamfanin, mai kwanan wata, a sa hannu a kwafinku cewa an karɓa. Ku ba uban ƙasa da shugaban ƙaramar hukuma kwafi. In shiru, sai jami'in ma'adinai na tarayya da ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA. Hukumar karɓar koke-koken jama'a ma tana sauraron irin wannan kyauta. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma a nan sai da lauya, domin shari'ar lasisin ma'adinai ta babbar kotun tarayya ce, ta shiga gona ba izini da karya yarjejeniya kuma tana da nata wurin. Wanda ya kai ƙara inda ba hurumi shekara zai ɓata a banza.

Tare hanya da duwatsu da ƙona taya na san yana kawo manaja da gudu, amma yana kawo 'yan sanda ma, sai mai gaskiya ya kwana a caji ofis. Abin da na ga ya fi aiki shi ne littafi. A sa yaro ɗaya mai karatu ya zauna a inuwa ya rubuta lambar kowace tifa da lokacin wucewarta na mako guda, da ranakun da tankar ruwa ba ta zo ba, a haɗa da hotuna. Jami'in da aka ajiye wa wannan a kan tebur ba ya iya cewa ku je ku dawo.

In an rufe hanyar, ramin fa?

A haɗa su a takarda ɗaya, a kuma rufe su rana ɗaya. Ramin da aka bari da tsayayyen gefe yakan cika da ruwa a Agusta, yara su mai da shi wurin wanka, ba su san inda zurfin ya fara ba. Doka ta ɗora wa mai lasisi gyara wurin da ya haƙa. A kwantar da gefunan, a mayar da ƙasar sama, a dasa itatuwa. In garin na son ya zama tafkin shayar da dabbobi, a sassauta gefe ɗaya yadda saniya za ta sauka ta hau, sauran a kewaye. Bakin hanyar kuma ta wajen kwalta a haƙa lambatu a gicciye a tara ƙasa, tun katafilar kamfanin ba ta hau tirela ba.